Kurakuran Masu Koyon Ginin Tukwanen Ado

Tun da mutanen birni suka fara neman tukwanen fure masu dogon wuya, kowane yaro a nan ƙasar Ringim ya zama magini. Ba laifi. Abin da ya ishe ni shi ne kullum a rami ɗaya suke faɗawa.

Babbar masifa ita ce gaggawar toyi. Hunturu mayaudari ne, kwana biyu zai busar maka da bayan tukunya fayau, alhali gindinta jiƙe yake sharkaf. Wata shekara wani ɗan kasuwa daga Kano ya ba ni aikin guda ashirin, ya ce ranar Juma'a zai turo mota. Mahaifiyata ta taɓa ɗaya ta ce, "Kai yaro, wannan ba ta sha iska ba." Na ce, "Inna, ai ta bushe." Na jera su, na lulluɓe da karan dawa da kashin shanu, na cinna wuta. Ko rabin sa'a ba a yi ba sai ƙara, tau, tau! Ruwan da ke cikin yumɓun ne ya zama tururi, ya rasa hanyar fita. Shida na tsira da su, sauran tsingaro. Kuɗin mutum kuma na riga na ci.

Yanzu a ɗaki nake shanya, in rufe da tsohon zane, sai bayan mako guda su ga rana. Kafin toyi sai na kara gindin a kumatuna. In na ji sanyi, ba inda za ta je, ko wa ke jira. Wasu na dariyar wannan gwajin, su ta shafa.

Na biyu, ku daina yi wa masu saye ƙarya, don Allah! Ka toya tukunya a fili, ka shafe ta da makuba ta yi sheƙi, sai ka ce irin mai taurin dutse ce da suke gani a intanet? Waccan tana son tanderu mai zafin digiri 1200 ko fiye, wutar kara kuwa da ƙyar take kaiwa 900. Shi ya sa tamu ke tsatsafo da ruwa. A randa alheri ne, shi ke sanyaya ruwan sha, amma a kan teburin Hajiya ɓarna ce. Ladi Kwali da ke bayan takardar naira 20 ta iya gini tun a ƙauyensu, amma sai da ta shiga cibiyar koyon tukwane ta wani Baturen Ingila, Michael Cardew, a tsohuwar Abuja, Suleja ta yanzu, a 1954, kafin tukwanenta su shiga irin wannan tanderun. Kuma ko ka samu tanderu, kada ka cusa jan yumɓun fadamarmu a wannan zafin, lanƙwashewa zai yi. Ni dai nakan ce wa mai saye busasshen fure za a sa, ko a zura kwalba a ciki.

Sauran ƙanana ne. Tankaɗe yumɓu, tsakuwa ɗaya ta isa ta tsaga wuya. Daka tsingaro ka haɗa a kwaɓi. Kada ka liƙa hannu ko ado a jikin da ya riga ya bushe, zai ɓalle. In za a kai birni kuwa, a cika buhu da ƙaiƙayi, kuma kada ka yarda yaron mota ya ɗora buhun gero a kai.