Darasi na Tara: Zaɓen Ƙaramin Jirgin Iska na Mutum Ɗaya

Kowa ya san kwale-kwale. Jirgin da za mu karanta a yau ɗan'uwansa ne, amma ba ya buƙatar inji ko gora. Iska ce ke tura shi. Ana kafa masa doguwar sanda a tsaye, a ɗaura mata babban zane mai kauri, iska ta bugi zanen, jirgi ya tafi. A Ingila da Amurka mutane da yawa suna da irinsa don wasa da tsere. A Legas ma akwai kulob ɗin masu wannan wasa tun shekarar 1932.

Ka riƙe sunayen abubuwa huɗu, domin za su yi ta dawowa: sanda, zanen iska, sitiyari, da allon ciki. Sitiyari wani allo ne a bayan jirgi, mai hannu, da shi ake juyawa. Allon ciki kuwa ana zura shi ta wata kafa a tsakiyar jirgi ya leƙa cikin ruwa. In babu shi, iska za ta riƙa tura jirgin a kaikaice kamar ƙwarya.

Fara da nauyi

Sabon mai saye yakan tambayi gudun jirgi. Wannan ba ita ce tambayar farko ba. Tambayar farko ita ce: zan iya jan jirgin nan ni kaɗai? Shiga da shi ruwa ba wuya, domin gangara ce. Fitowa ce aiki. Ka gaji, kayanka sun jiƙe, ƙafafun kurar da ake ɗora jirgi sun nutse cikin yashi, ga hawa a gabanka. Jirgin da sai ka nemo mutum biyu kafin ya motsa, a bakin ruwa zai tsufa.

Mu auna da buhun siminti, wanda nauyinsa kilo 50 ne. Jirgin da ake kira Topper, wanda Ian Proctor ya tsara a Ingila, tsawonsa mita 3.4, nauyin gangar jikinsa kilo 43. Bai kai buhu ɗaya ba. Da roba mai tauri aka yi shi, shi ya sa yake jure gogar dutse da yashi. Laser, wanda yanzu ake kira ILCA, tsawonsa mita 4.2, nauyinsa wajen kilo 59. RS Aero ya fi su sauƙi, kilo 30 kawai, sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne. Wayfarer kuwa ya haura kilo 160, wato fiye da buhu uku. Jirgi ne mai kyau ga iyali, amma ba na mutum ɗaya ba ne a kan tudu.

Kada ka manta, waɗannan alƙaluma na gangar jiki ne kaɗai. Sanda da zane da kura suna ƙara nasu.

Zane daidai jikinka

A ƙaramin jirgi, jikin matuƙi shi ne ma'auni. Iska ta danna zane ta wannan gefe, kai kuma ka zauna a bakin jirgi ka karkata baya don ya daidaita. In zanen ya fi ƙarfin nauyinka, jirgi zai kife. Wannan ne ya sa ake yi wa ILCA zane iri uku a kan gangar jiki ɗaya: ILCA 4 ga matasa da marasa nauyi, ILCA 6 ga matsakaita, ILCA 7 ga mai nauyin wajen kilo 80. Babban zanen ya ɗan haura murabba'in mita 7, ƙaramin kuma 4.7. Ga mai koyo, ni dai ƙarami nake ba da shawara. Ba abin kunya ba ne, kuma ana iya sauya zane daga baya ba tare da sayar da jirgin ba.

Zane ɗaya ya ishe ka. Hannu biyu gare ka: ɗaya a sitiyari, ɗaya a igiyar zane. Jirgin Mirror, na katako mai zane ja wanda aka fito da shi a farkon shekarun 1960, yana da ƙaramin zane na biyu a gaba, amma in kai kaɗai ne kana iya barin shi a gida. Jirgin Optimist kuwa na yara ne 'yan ƙasa da shekara 16. Babba in ya shiga, gwiwarsa ce za ta gaya masa.

Ranar da ya kife

Zai kife. Har gwanaye suna kifewa. Abin dubawa shi ne ko za ka iya tayar da shi. Ga yadda ake yi: ka saki igiyar zane, ka zagaya bayan jirgi kana riƙe da shi, ka kama allon ciki, ka danna shi da nauyinka. A hankali sanda za ta taso daga ruwa. Sai ka hau. Kada ka saki jirgi ka ce za ka yi iyo zuwa gaɓa, domin jirgin ya fi kanka saurin ganuwa ga masu ceto. Rigar kariya kuwa, wato mai hana nutsewa, a jiki take zama tun kafin ka taɓa ruwa. In iska tana busowa daga tudu zuwa tsakiyar ruwa, mai koyo ya haƙura da fita ranar. Tafiya za ta yi daɗi, dawowa ce za ta gagara.

In na hannu za ka saya

Ka kife jirgin a kan ciyawa ka duba cikinsa da bayansa. Ka danna da tafin hannu. Inda ya lotsa, ya yi rauni. In na katako ne, ka danna kusurwoyi da babban yatsa don gano ruɓa. Ka buɗe toshiyar kafar zubar da ruwa da ke bayan jirgi, ka ɗaga goshinsa. Ruwa mai yawa in ya zubo, akwai yoyo. A jirgin Laser akwai ramin da sanda ke zama. Cika shi da ruwa, ka jira minti kaɗan. In ruwan ya ragu, ramin ya tsage, gyaransa kuma aiki ne babba. Daga nan ka ɗora jirgin a kura, ka ja shi ka hau gangara da kanka, mai jirgi yana kallo bai sa hannu ba.

Aikin yi

1. Rubuta sunayen sassa huɗu na jirgin iska.
2. Laser ya fi Topper nauyi da kilo nawa?
3. Buhun siminti nawa ne ya kusa nauyin Wayfarer?
4. Faɗa wa na kusa da kai, da bakinka, yadda ake tayar da jirgin da ya kife.