Kurakuran da Aka Fi Yi Wajen Sauya Moton Tankar Yaƙi ta Rimot

Mu masu sha'awar ƙananan tankokin yaƙi na rimot ba mu da yawa a Legas, kuma daga Agege zuwa Idi-Araba da Mile 12 kusan duk mun san juna, shi ya sa duk wanda tankarsa ta tsaya, a kan teburina take kwana. Abin da ya gajiyar da ni shi ne, da wuya a kawo mini wadda tsufa ya kashe. Galibi mai ita ne ya buɗe cikinta ya sauya moto, wato ɗan injin lantarkin da ke juya giya, ba tare da ya duba ko sauran kayan za su iya ɗaukar nauyinsa ba.

Yawancin tankokin da ke hannunmu na ma'aunin 1/16 ne, wato tsawonsu kashi ɗaya cikin 16 na tankar gaske, irin na kamfanonin Heng Long da Taigen, kuma kowace tana da moto biyu, ɗaya ga kowace sarƙar da take tafiya a kai, masu lamba 380, da batir mai ƙarfin bolt 7.2 ko 7.4. Babu sitiyari a jikin tanka. Idan za ta sha kwana, sarƙa ɗaya ce ke rage gudu ko ta juya baya. Wanda ya riƙe wannan zai gane dalilin da ya sa moton tanka yake shan wahalar da na ƙaramar motar tsere ba ya sha.

Babban kuskure shi ne son gudu. Tankar Tiger ta Jamus ta ainihi, wadda ta haura tan 50, iyakar gudunta kilomita 45 ne a awa ɗaya. Idan aka raba wannan gida 16, abin da zai fito bai kai kilomita 3 ba, wato ko mai tafiya a ƙafa zai wuce ta. To me mutum yake nema da moton da aka ƙera don motar tsere? Moto mai saurin juyawa yana zuƙar wuta da yawa, kuma lokacin da sarƙa ta cije a yashi ko ciyawa, wutar da yake ja tana ninkuwa, duk kuwa ta cikin fanel take bi, wannan ɗan allon lantarkin da ke kula da tuƙi da sauti da juya bindiga.

Ni kaina a nan na sha kashi. Shekarun baya na yi odar moto biyu masu lamba 390, mafiya gudu da na gani, na kuma ɗaura wa tankata sarƙar ƙarfe, na kai ta bakin teku wata Lahadi da yamma. Ta yi kyau a miƙaƙƙiyar hanya, har yara suka taru suna bin ta. Da na sa ta juya a wuri ɗaya a kan jiƙaƙƙen yashi, sai na ga hayaƙi yana fita, ni kuwa har ina murna, domin irin waɗannan tankoki suna da na'urar fitar da hayaƙi, na ɗauka ita ce ta kama aiki sosai. Ƙaurin ƙonanniyar roba ne ya farkar da ni. Fanel ya ƙone ƙurmus, wayoyin moto sun narke sun manne da juna, kuma na zagaya kasuwannin Ikeja da Alaba ban sami irinsa ba, sai da na jira makonni shida aka kawo wani daga Caina, na biya da farashin dala. Fiyus na kuɗi ƙalilan da ya hana duk wannan, amma ganin dama ya sa ban saka ba.

Tun daga ranar nake sa fiyus irin na mota mai amfiya 10, wato iyakar wutar da zai bari ta wuce, tsakanin batir da fanel a kowace tanka, kuma moto mai ƙarfin ja nake zaɓa ko da gudunsa kaɗan ne. Bayan minti biyar na tuƙi ina ɗora yatsa a jikin moton, idan ban iya ƙirga biyar ba saboda zafi, na san akwai abin da ba daidai ba. Wasu abokaina suna ganin amfiya 10 ta yi kaɗan ga tanka mai nauyi, suna sa 15. Ni dai gara fiyus ya riƙa tsinkewa ina canzawa.

Kuskure na biyu da ke ƙona mini rai shi ne ɗora ƙaƙƙarfan moto a kan giyabos na roba. Haƙoran roba an yi su ne daidai ƙarfin moton da tanka ta zo da shi, kuma da zarar an ƙara ƙarfi da nauyin sarƙar ƙarfe, sai a ji ƙarar kwar-kwar, moto yana juyawa tanka tana tsaye, a buɗe a tarar haƙora sun zube kamar tsakin masara. Giyabos na ƙarfe ake fara saye, daga baya a yi maganar moto, kuma sau da yawa idan aka sa giyabos mai rage gudu, irin wanda ake kira 4:1, sai a ga tsohon moton ma ya wadatar.

Sai ɗan ƙaramin giyar da ke bakin sandar moto, wanda dole a cire shi daga tsohon a mayar kan sabon. Wani yaro ɗan unguwarmu ya zo mini da nasa moton yana cewa, "Baba, sabo ne fil, amma rawa yake yi." Na ce, "Ɗana, da me ka saka giyar?" Ya ce da guduma. Sandar nan kaurinta milimita 2.3 ne kacal, ko ƙusa ta fi ta ƙwari, ta yaya za a doke ta da guduma ta zauna daidai? Haba jama'a! Wanda ya iya kashe kuɗi a kan moto ya daure ya sayi ɗan abin zare giya, idan kuma za a saka, a matse shi a hankali cikin bais, wato ƙarfen matse kaya na kan teburin aiki, a tokare ƙarshen sandar ta baya don kada ta tura kayan ciki. Wajen ɗaure moton ina sa siririyar takarda tsakanin haƙoran giyoyin biyu, in ɗaure, sannan in zare ta, wannan ɗan sararin shi ke hana su cizon juna.

Masu sa batir mai bolt 11.1 a fanel da aka yi don 7.4 kuwa, don Allah su daina kawo mini, ba ni da maganin wannan.

Sauran kurakuran ƙanana ne, amma suna ɓata yini. Moto 390 ya fi 380 tsawo, kuma a tanka mai ƙunci ciki biyun suna iya karo da juna, saboda haka a auna kafin a yi oda. Dogon sukuru yana shiga ciki ya taɓa wayar naɗin moto ya kashe shi nan take. Ba a canza moto ɗaya a bar ɗaya, in ba haka ba tanka za ta riƙa karkata gefe. Ƙananan kafasito da ke liƙe a bayan tsohon moto ba ado ba ne, suna rage tartsatsin da ke rikita fanel, a mayar da su kan sabon da dalma mai kyau. Irin moton da ake kira marar burushi, wato brushless, waya uku gare shi, fanel na asali kuwa biyu ya sani, don haka ba ya aiki sai da tasa na'urar daban. Danshin Legas da iskar gishiri suna sa sanda tsatsa cikin damina ɗaya, shi ya sa nake ɗiga ɗigon man keken ɗinki a bakin kowace sanda, giris kuma a giyabos kaɗai.

Idan an gama haɗawa, kada a ajiye tanka a ƙasa tukuna. A ɗora ta a kan bulo ko katako yadda sarƙoƙin za su rataya a iska, a tura rimot gaba a hankali a duba. Moto biyun suna fuskantar juna ne a ciki, don haka sau da yawa sarƙa ɗaya za ta yi gaba ɗaya ta yi baya. Idan haka ta faru, a kashe wuta a musanya wayoyi biyu na moton da ya saɓa, a sake gwadawa na minti biyu kafin a rufe murfi.