Yadda za ka leƙa Jazzhole in kana Legas

In daga Agege ko Idi-Araba za ka taso, fito da sassafe kafin go-slow ya kama, ka sauka Obalende sai ka nemi motar Falomo, Jazzhole shagon littattafai da faifan waƙa ne, yana kan titin Awolowo a Ikoyi. Kunle Tejuoso ne ya buɗe shi a 1991, mahaifiyarsa ce ta kafa shagon littattafai na Glendora tun 1975, gado ne abin. Kana shiga kar ka yi gaggawa malam, littattafai ne jibge har sama, ga tsofaffin faifan garmaho na su Fela, sai ka tona sosai. Farashi fa ba na tsofaffin littattafan bakin titin Yaba ba ne, riƙe kuɗi. Ka tambayi ranar da mawaƙa ke wasa kai tsaye kafin ka fita.