Yadda za ku raba Wi-Fi a gidan haya ba tare da rigima ba

In kuna gidan haya irin na Tudun Wada ko Unguwar Rimi, kun haɗa kuɗi kun sayi rauta ɗaya, to kun san abin da ke faruwa bayan isha'i, kowa ya miƙe a katifa ya buɗe YouTube, wani na sauke fim, netwok ya tsaya cak, sai a hau zagin kamfani alhali wallahi mu ne. Masana lissafi na kiran nazarin irin wannan ka'idar wasa, wato yadda mutum ke yanke shawara yana auna abin da ɗan'uwansa zai yi. Tun 1950 masanin lissafi John Nash ya yi bayanin matsayin da in an kai shi ba wanda zai ci riba in ya canza hali shi kaɗai, ko da kowa na shan wuya. Ka rage, maƙwabci ya cinye rabonka, to wa zai rage?

Saboda haka kar ku ɓata bakinku da roƙo, dokar za ku canza. Ku shiga saitin rautar ta burauza, yawanci adireshin da ake rubutawa 192.168.0.1 ne ko 192.168.1.1, in tana da wajen sa iyakar gudu ku yanka wa kowace waya nata. Da zarar haɗama ta daina biya za ku ga kowa ya natsu. Fasuwod kuma a canza duk ranar karɓar kuɗi, wanda ya biya shi ake turawa.

Sai lokaci. Kowa lissafinsa bari in jira tsakar dare ba kowa, sai duk a haɗu a can, kamar masu gudun cunkoson titin Ahmadu Bello su je su toshe lungu ɗaya. Ku raba, manyan saukewa wasu bayan asuba wasu da hantsi.

In maƙwabta ma suna da rauta ku duba tashar da suke kai, wato layin da siginar rautarsu ke bi, a zangon Wi-Fi na 2.4 GHz tashoshi 1, 6 da 11 ne ba sa hawa kan juna, suna 6 ku koma 1 ko 11.

Mutum dai ba kwamfuta ba ne. Masana halayyar ɗan'adam Kahneman da Tversky sun nuna a 1979 cewa zafin asara ya fi daɗin ribar da ta yi daidai da ita, don haka kar ku yi alkawarin tukuici ga mai bin doka, ku ce duk wanda ya ba baƙo fasuwod an cire wayarsa kwana uku, ko da kuwa ɗan mai gida ne.