Ƙarin ƙwayoyin mast a jikin kare: kurakuran da na gaji da gani

Sababbin likitocin dabbobi da ke zuwa aiki Jos duk sun haddace CD117, alamar nan ta jikin ƙwayar mast (wata ƙwayar garkuwar jiki) da ake kira KIT. Amma kafin a kai ga gwada ta, an riga an ɓata samfurin.

Abu na farko, murza ƙari. A kawo kare daga Rayfield da ƙulli a cinya, mai shi ya ce jiya ya fi haka girma, sai ka ga yaro ya sa yatsu yana matsawa wai maruru ne. Ai kumburan nan da sacewa su ya kamata su tsayar da kai. Ƙwayoyin mast cike suke da histamin da hefarin, da ka murza sai su zubar, wurin ya yi jawur, jini ya ƙi tsayawa, wani karen har amai. Ni sai na ba da maganin kashe kaifin histamin kafin in tsira siririyar allura.

Wanda ya fi ƙona mini rai kuwa shi ne rini. Diff-Quik na da sauri, amma wani lokaci ba ya kama ɗige-ɗigen da ke cikin ƙwayar. Sai mutum ya leƙa madubin ƙara girma, ya ga ƙwayoyi masu zagaye fayau, ya yanke cewa TVT ne, ƙarin da karnuka ke ɗauka wajen barbara, tunda shi muka saba gani. Haka wani mataimakina ya yi ina tafiya. Aka yi ta ɗirka wa kare binkiristin, maganin TVT, lokacin tiyata ya wuce, ciwon ya kai kaluluwa. Mai karen bai sake taka ƙofarmu ba, kuma ban ga laifinsa ba. Don Allah me zai rage ku in kun ajiye gilashi ɗaya ba rini, ku yi masa Giemsa? Ɗige-ɗigen za su fito shunayya ɓaro-ɓaro.

Kada a haɗa gilashi da kwalbar fomalin, ruwan adana tsoka, a leda ɗaya, tururinsa na lalata rini. Samfurin da za a ƙirga alamominsa a na'ura kuma rayayyun ƙwayoyi ake so, kada a sa masa fomalin.

Ita CD117 ɗin ma ba ta ƙwayar mast kaɗai ba ce, tana fitowa a melanoma, ƙarin ƙwayoyin launin fata, da wani ƙarin hanji. Shi ya sa nake neman a haɗa da tiriftes, wani sinadarin cikin ƙwayar mast, a kuma faɗa mini inda rinin ya zauna. In a bangon ƙwaya ya tsaya da sauƙi, in ya bazu ciki sai in ƙara sa ido.

Allura ba ta isa a yanke matakin ciwo ba. Tsarin Patnaik na 1984 mai hawa 3 da na Kiupel na 2011 mai hawa 2, duk tsoka ake yankowa. In za ku cire, ku bar aƙalla santimita 2 ta kowane gefe, ku tsira kaluluwar da ke kusa ko da ba ta kumbura ba.