Kurakuran da iyalanmu ke tafkawa idan sun tare a Ingila

Tun da na zo hutu Gombe, gidanmu na Jekadafari bai rabu da baƙi ba. Wannan mijinta likita ne ya samu aiki a can, waccan ma'aikaciyar jinya ce bizarta ta fito, wani kuma malamin jami'a ne zai tafi digiri na uku da iyalinsa. Tambayarsu ɗaya ce: "Anti, me za mu saya?" Ni kuwa sayayya ba ta dame ni ba. Abin da ke kayar da mutanenmu shi ne zaton cewa yadda ake zama a Bolari ko Tumfure haka ake zama a Manchesta.

Tun daga haɗa kaya ake fara kuskure. Hajiya za ta sa a yi kilishi da dambun nama, a soya man shanu, a cika jaka. Dokar Birtaniya ta hana matafiyi daga ƙasa irin tamu shiga da nama ko abin da aka yi da madara, kuma in jami'an kwastan sun gani ƙwacewa za su yi. Ku bar wa kuka da busasshiyar kuɓewa da daddawa da yaji gurbin. Katin rigakafin yara da takardun haihuwarsu kuwa a jakar hannu za su zauna.

Sai gida. Kada ku tura wa kowa ko sisi saboda hotunan da kuka gani a Facebook ko WhatsApp, sai ku ko wani amintacce ya taka ƙafa ya shiga gidan. A can wata-wata ake biyan haya, kuma ana ajiye kuɗin jingina. A Ingila doka ta ce ga yawancin gidaje jinginar ba za ta wuce hayar mako 5 ba, kuma dole mai gida ya saka ta a asusun kariya da gwamnati ta amince da shi cikin kwana 30. Ranar da kuka karɓi makulli ku ɗauki hoton kowane tabo a bango da kafet, da lambar mitar wuta da ta gas. Mu ba mu yi haka ba a gidanmu na farko, da muka tashi fita aka zaftare mana kuɗi a kan ƙunar kafet da muka tarar. "Ai mun yi magana da shi" ba hujja ba ce a can, sai abin da ke rubuce.

Maigida yakan lissafa haya kawai ya ce albashi zai isa. Ina harajin kansul, wanda ƙaramar hukuma ke karɓa a kan gida? Ina gas da wuta da ruwa da intanet, har da lasisin kallon talabijin? Ɗalibi mai cikakken karatu ana ɗauke masa harajin kansul, amma sai ya sanar da su da takardar makaranta. Kuma duk wasiƙar da ta faɗo ta ramin ƙofa a buɗe ta ranar. Mu da ba mu saba da gidan waya ba mukan tara su a kan firji, har tara ta hau kan tara.

Sanyi yana sa mu toshe ko'ina, mu shanya wanki a kan hita, mu dafa miya taga a rufe. Kafin wata biyu bango ya yi baƙi da fumfuna, yara sun kama tari. Maganinsa buɗe taga na ɗan lokaci kullum, da kunna fankar kicin da ta banɗaki. Turaren wuta kuma, wanda ba za a raba 'yar Gombe da shi ba, yana tayar da ƙararrawar hayaƙi, sai ka ga an cire mata batir don a huta. Wannan wasa da rai ne. Haka hura gawayi a rufaffen ɗaki, iskarsa tana kisa ba tare da an ji warinta ba. A nemi kasko na lantarki, a sa kaɗan. Buta ma a yi hattara da ita: daɓen benensu galibi katako ne, ruwan da kika kwarara a ƙasa a silin maƙwabcinki zai ɓullo.

Kada a jira sai yaro ya kwanta kafin a nemi likita. A makon farko a yi rajista da asibitin unguwa da suke kira GP, kyauta ne. Babu zancen leƙawa kemis a sayo maganin ƙwayoyin cuta ba takardar likita. Ana kuma ba da shawarar shan sinadarin bitamin D daga Oktoba zuwa Maris, masu duhun fata da masu rufe jiki irinmu kuwa duk shekara. Gurbin makaranta ta hannun kansul ake nema, kuma adireshinku na da tasiri a inda za a samu, don haka a duba makaranta kafin a kama gida. Cire yaro ana tsakiyar zango don zuwa bikin ƙanwar baba a Dukku yana jawo tara.

Maganar duka ba sai na ja ta ba. Sikotlan ta haramta dukan yara gaba ɗaya a 2020, Wales a 2022, a Ingila ma dukan da ya bar shaida laifi ne, kuma malamai na kai rahoto. Haka fita kasuwa a bar ƙananan yara su kaɗai, tunda babu matar wa ko maƙwabciya da za ta leƙo. Lasisin tuƙin Najeriya wata 12 kawai yake aiki, daga nan sai an ci jarrabawarsu, don haka a fara shiri da wuri.

Wanda ya fi ci mini rai shi ne na barin uwargida a kulle. A Disamba kafin ƙarfe huɗu rana ta faɗi. Maigida yana aikin dare, da rana yana barci. Matar da ta saba da sallamar maƙwabta da suna da biki da zuwa gida ranar Juma'a, sai ta wayi gari daga ita sai bango da waya. Na ga wadda ta yi wata huɗu ba ta san lambar bas ɗin da ke bin layinsu ba, kullum kuka, mijin yana cewa ai kewar gida ce za ta wuce. Malam, ba ta wucewa da kanta. Ka fita da ita tun makon farko, ta hau bas da kanta, ta san masallaci da ɗakin karatu na unguwa, ta buɗe asusun banki da sunanta, ta haddace adireshi da lambar gaggawa 999 da ta neman shawarar lafiya 111. Ke ma 'yar'uwa, ki riƙa tsayawa a ƙofar makaranta in kin kai yara, a nan na samu ƙawata ta farko, wata 'yar Sudan. In abin ya yi nauyi a faɗa wa likita, ba abin kunya ba ne.

Hausa da Fulatanci kuma a riƙe su a cikin gida. Turanci zai shiga bakin yara ko ba ku so, cikin 'yan watanni. Jiya autana ya gaida kakarsa, ta tambaye shi ya sanyi, sai ya juyo yana kallona in fassara masa.