Yadda Ɗalibi Zai Kare Kansa Idan An Zarge Shi Da Satar Jarrabawa

Na shafe shekaru ina zama da ɗaliban wata kwaleji a nan Kaduna waɗanda kwamitin ladabtarwa ya aiko wa da takardar gayyata, kuma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne yawancinsu tun a ɗakin jarrabawa suke kayar da kansu, a cikin mintoci kaɗan bayan mai sa ido ya ɗauke takardar amsarsu. Saboda haka daga nan zan fara, kuma a nan zan fi daɗewa.

Da zarar an tsayar da kai, kada ka haɗiye takardar da aka gani, kada ka wurga ta ta taga, kada kuma ka fice daga ɗakin, domin ɓatar da shaida laifi ne mai zaman kansa wanda sau da yawa ya fi na farkon nauyi. Za a miƙo maka fom a ce ka rubuta bayaninka. Wannan ɗan rubutun, wanda za ka yi hannunka na rawa kuma abokan karatunka suna waiwayenka, shi ne abu na farko da 'yan kwamiti za su karanta bayan makonni, kuma da shi za su auna duk maganar da za ta fito daga bakinka. Ka rubuta lokaci, da layin da ka zauna, da ainihin wurin da aka samu abin: a aljihunka ne, ko ƙarƙashin tebur, ko a ƙasa tsakaninka da wani. Ka tsaya a kan abin da idonka ya gani.

Na ga wata ɗaliba da aka samu tsohon rubutu da biro a kan teburin da aka zaunar da ita, rubutun da ko kusa bai yi kama da hannunta ba. Da aka ba ta fom, sai ta rubuta: “Don Allah ku yi haƙuri, ku yafe mini, ba zan sake ba.” Tarbiyyar gida ce ta yi aiki, domin an koya mana cewa idan babba ya ɗaga murya, yaro haƙuri yake bayarwa ko da shi ne da gaskiya. Amma a kan takarda, wannan jimla amsa laifi ce, kuma haka kwamiti ya ɗauke ta. Idan ba ka aikata ba, ka faɗi haka cikin ladabi da jimla guda. Idan kuwa ka aikata, gajeriyar gaskiya ta fi maka alheri, domin ƙaryar da aka shirya cikin firgici ba ta jure tambaya uku. Kada ka ƙi rubutawa, tunda mai sa ido zai rubuta cewa ka ƙi, kuma kada ka taɓa sa hannu a farar takarda da alkawarin cewa za a cike daga baya. Bayan haka ka nemi izinin ci gaba da jarrabawar, domin makarantu da dama suna ba da sabuwar takardar amsa har kafin a yanke hukunci.

A daren nan ka sake rubuta duk abin da ya faru a littafinka, da sunayen waɗanda suka zauna kusa da kai. Sannan ka nemo littafin dokokin ɗalibai, wanda ake rabawa lokacin rajista kuma kusan kowa yake jefarwa ƙasan akwati. Idan naka ya ɓace, kuɗin hoton shafukan da suka shafe ka bai kai na abincin rana ba. Ka duba sashen da aka tuhume ka da shi, domin shiga da waya, da kwafar amsar maƙwabci, da rubuta wa wani jarrabawa ba hukuncinsu ɗaya ba: wani soke darasi ne, wani dakatarwa, wani kora. Ka sanar da mahaifinka ko wanda yake riƙe da kai a makon farko, kada ka bari sai takardar kora ta sanar da su. Ka kuma riƙa duba allon sanarwa kullum, tunda kwamiti yana iya zama ko ba ka zo ba.

Akwai masu cewa a ba su kuɗi su yi maka kamun ƙafa. Kada ka ba kowa ko sisi, domin sabon laifi kake saya. Ka kuma san cewa batun bai tsaya a makaranta ba, tunda dokar hana maguɗin jarrabawa ta 1999 ta tanadi hukunci har da ɗauri.

Ranar zama ka isa da wuri da katin shaidarka. Sashe na 36 na kundin tsarin mulkin 1999 ya tabbatar da haƙƙin a saurari mutum bisa adalci, don haka ka nemi a karanta maka tuhumar, a nuna maka shaidar, a ba ka damar yi wa mai zarginka tambaya da kiran shaidunka. Idan ka ga wanda ya kama ka yana zaune cikin masu yanke hukunci, ka nemi a rubuta ƙorafinka. A 1986 Kotun Ƙoli ta soke korar wasu ɗaliban Jami'ar Maiduguri da aka zarga da tarzoma, a shari'ar da aka fi sani da ta Garba, kuma cikin dalilanta akwai cewa shugaban kwamitin binciken yana cikin waɗanda tarzomar ta shafa.

Idan hukunci ya fito bai yi maka daɗi ba, ka karɓe shi a rubuce, ka ɗaukaka ƙara ta ofishin magatakarda kafin wa'adin da littafin dokoki ya gindaya ya cika. Ka kai kwafi biyu na takardar ɗaukaka ƙarar, a buga wa ɗaya hatimi da kwanan wata, ka tafi da shi gida. Zancen lauya da kotu sai bayan an gama da wannan.